Na Haƙa Kabarin Kowa, Aka Hana Ni Na Ɗana

Assalamu alaikum, Malama Sadiƙa.

Don Allah ki taimake ni da amsa. Shekara tara ke nan ina yawo da tambaya guda ɗaya, duk wanda na kai wa sai ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Na kai wa liman, ya ce haƙuri. Na kai wa mai unguwa, ya ce haƙuri. Har likita na kai wa, ya ba ni ƙwaya, sannan shi ma ya ɗora da haƙuri. To ni ba haƙuri na je nema ba. Tambaya na yi, amsa nake so.

Ni tsoho ne, ina zaune a Unguwar Hajji ta Karaye. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka Abdulsalami tela ne yake rubuta mini wannan, shi ne mai karanta mana filinki a bakin shagonsa idan jarida ta zo. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana ya mai da ni mutumin kirki. Kada ki sa sunana, ko da yake duk wanda ya san Karaye zai gane ni, oho. Kuma gaskiya ban saba kai wa mace ƙara ba. Mazan ne suka gaza.

Sana'ata noma, gero da dawa da gyaɗa. Amma abin da aka san ni da shi haƙar kabari. Fiye da shekara talatin, duk wanda ya rasu a unguwarmu ni ake fara aiko wa. Ni nake yanko karan dawa in shiga in auna mamaci. Ni nake zana wuri, in fasa uwar kabari, in sauka in gyara ɗan kabari da hannuna har sai ya yi sumul. Na san inda marmara take a maƙabartarmu, na san inda ƙasa ke zubewa da damina. Ban taɓa karɓar ko goro ba. Na haƙa wa mahaifina, na haƙa wa mahaifiyata, na haƙa wa mutanen da ba ma ga maciji da su, har baƙon da ba a san danginsa ba na haƙa wa.

Sai ranar wata Talata, damina ta yi tsakiya, ana maimai, wato noma na biyu, bayan azahar aka kawo mini ɗana na fari a bayan wata mota. Yana dawowa daga Rogo a kan babur, babbar mota ta bi ta kansa. Shekararsa talatin da huɗu. Abdulsalami ya ce in faɗi sunansa ya rubuta, na ce a'a. Tun ranar sunansa ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Ɗan fari ne, kin san kunyarmu. Kai nake ce masa, ko in ce wa uwarsa ina wancan. Haka ubana ya yi wa yayana, haka na tarar.

Ki saurara da kyau, don nan ne maganar take. Ban yi kuka ba, ban faɗi ba. Na yanko kara na shiga na auna shi da kaina. Na fito na saɓa digata a kafaɗa zan nufi maƙabarta kamar kullum. Ina isa ƙofar zaure sai ƙanena Shitu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya a bayana, ya tare ni ya kama ƙotar digar. A gaban jama'a, ƙofar gida cike, ya ce uba ba ya haƙa wa ɗansa, balle ɗan fari, in zauna kawai, su za su yi. Na ja, ya ja. Na dubi idanun mutane na ga kowa yana bayansa. Ban so a ce ga ni can ina kokawa da ƙanena gawar ɗana na kwance a ciki, sai na saki. Aka kama ni aka zaunar a tabarma kamar mara lafiya.

Kin san abin da suka haƙa? Kabarin da ya matse a kafaɗa. Yaron nan yana da faɗin ƙirji, ni na auna shi, na ba su karan, amma ba wanda ya dubi faɗi. Sai da aka ajiye makara a gefe, a rana, ana jira su ƙara sara. Ina tsaye hannuwana a baya. Ni da ban taɓa barin gawar kowa ta jira ba.

Kwana uku ina kan tabarma. Mutum ya zo ya tsuguna, ya ce ya haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki, ya shafa fatiha ya tashi, wani ya maye wurinsa. In na motsa zan miƙe sai a ce zauna, me kake so a kawo maka. A cikin gida ina jin mata. Uwarsa sun rungume ta, suna shafa mata baya, suna matsa mata ƙafa, rana ta huɗu ma ta karɓi taɓarya ta yi daka har gumi ya jiƙa ta. Ita yanzu tana iya zancensa har ta yi dariya. Ni tabarma aka ba ni. Digar kuwa bayan sati na tarar da ita a jingine a bakin zaure, an wanke ta. Shitu bai ce mini komai ba, ya koma Falgore ta ƙasar Rogo inda yake noma. Har yau bai ce komai ba. Ni ma tun ranar ban ƙara haƙa kabarin kowa ba. Su yi ta haƙa karkatattun ramukansu.

Daga nan jikina ya ƙi ni. Kafaɗata ta dama ta sage, ko riga zan sa sai na yi dabara. Haƙorana a cije suke wuni, har haƙorin turmi ɗaya ya tsage aka cire. Akwai wani abu kamar dutsen niƙa a ƙarƙashin ƙashin ƙirjina, numfashi ba ya wuce maƙogwaro. In na ji an hura lasifikar masallaci za a yi sanarwar rasuwa, hannuna na dama shi kaɗai yake dunƙulewa, sai na sa na hagu na buɗe yatsun. An ɗauki hoton ƙirjin aka ce lafiya lau. Aka ce hawan jini ne. To me ya hau da shi? Ba wanda ya tambaya.

Ga wata kuma. Ina da 'ya, Adawiyya, tana aiki a ƙaramin asibiti. Aka tura ta wani horo a Kano, ta dawo da sabon ilmi. Wai damuwa a jiki take zama, wai baƙin ciki yana ɓuya a tsoka. Ranar da ta zo gida, a tsakar gida, gaban uwarta da matan yayyenta, ta ce Baba zauna a nan, ɗora hannu a ciki, ja iska ta hanci, sake ta a hankali kamar kana hura kunu mai zafi. Sannan wai in miƙe in karkaɗa hannuwa da ƙafafu. Ni, da furfurata, in tsaya gaban surukaina ina karkaɗa jiki kamar kazar da ruwa ya doka. Shekara saba'in da wani abu ina numfashi ba wanda ya koya mini, sai yarinyar da na yanka wa ragon suna. Na ce ta kwashe ilminta ta mayar inda ta samo. Wata biyu ke nan sai dai ta aiko da gaisuwa.

Tunda na ce gaskiya zan faɗa, bari in faɗa. Na gwada abin nata sau ɗaya a gona, ni kaɗai a gindin ɗorawa. Na ja, na saki, na ja, na saki. A na biyar ko na shida wani abu ya taso daga cikina, wata ƙara ta fito daga bakina irin ta bijimin da aka kayar za a yanka. Na tsorata. Na dubi gabas da yamma ko wani ya ji, na tashi na kama noma. Ban ƙara ba. Idan wannan ne maganin, to ya fi cutar ban tsoro.

Abu guda ne yake sauke mini dutsen nan, shi ma an mai da shi abin gori. Duk shekara in damina ta yi tsakiya, sai in ɗauki diga in tafi ƙarshen gonata in haƙa rami. Ba kabari ba, rami kawai, har ya kai mini ƙugu. Kafaɗar da ba ta iya sa riga, in ta riƙe diga sai ta saki. In yi ta sara har gumi ya rufe mini ido, sannan in mayar da ƙasar in tattake. Ranar nan ina cin tuwo da daɗi, kusan sati numfashina yana kai wa ciki. To maƙwabcin gonata, Ɗanmaliki, ya hango ni bara, ya bi gari yana cewa asiri nake binnewa a kan iyaka don gyaɗarsa ta ƙi. Har gaban mai unguwa ya kai ni. Aka ce in yi bayani, na ce gonata ce, in na ga dama in haƙa rijiya goma. Me zan ce musu? Gyaɗarsa kuwa ragwanci ne ya kashe ta, kowa ya sani, rana ta take yake zuwa gona.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna a shagon tela ina tona cikina. Sati uku da suka wuce matar Shitu, Rekiya, ta rasu. Shekara arba'in suna tare. Mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Na je Falgore, na tsaya a sahun baya aka yi salla, ban taɓa diga ba. Na ga lokacin da Shitu ya yunƙura zai kama makara, mutanen garin suka riƙe shi suka ce ya bari, suka zaunar da shi. Ya ɗago ya dube ni. Ni kaɗai ne a wurin na san abin da ake yi masa, kuma ni ne babba, kalma ɗaya zan faɗa a sake shi. Na kau da kai. Allah ya yafe mini, a wannan lokacin wani sanyi na ji a raina. Na ce Allah ya jiƙanta, na hau mota na dawo a ranar.

Ɗansa Lukumanu, magidanci ne da iyalinsa, ya zo wurina sau biyu. Ya ce ubansa tun da aka naɗe tabarmar makoki bai tashi daga zaure ba. Yana zaune hannuwa a kan gwiwa, ba ya magana, kunu ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Gyaɗarsa ta isa cira ko leƙa ta bai yi ba. Ya rame har wuyan riga yana zame masa. Ɗan ya ce abin da uban yake faɗa kawai, in ya ji motsi a ƙofa, shi ne ko Yaya ne. Lukumanu ya ce in ban je ba yana tsoron za su yi makoki na biyu kafin a kai amfanin gona gida.

Sau biyu ina zuwa tasha. Sau biyu ina sa ƙafa a motar Rogo sai ƙirjina ya ɗaure, in sauko in dawo gida. In je in ce masa me? In tsuguna in ce ya haƙuri, kamar yadda aka yi mini? Ko in koya masa hura kunu? Mutumin da ya karɓe mini abu ɗaya tak da nake da shi da zan yi wa yaron nan. Ban kira sunansa ba yana raye, ban ɗauke shi a kafaɗa gaban mutane ba, ban yabe shi a gaban idonsa ba ko sau ɗaya. Kabari mai kyau kawai ya rage in ba shi, shi ma aka hana ni.

To Malama, ke da kike da amsar kowa, ga tawa. Wa ya kafa dokar nan cewa uba ba ya haƙa wa ɗansa? A wane littafi take? Shitu ya yi mini laifi ko bai yi ba? In ya yi, don me ni zan fara zuwa? In bai yi ba, to mene ne wannan da yake zaune a ƙirjina shekara tara? Ba na son ƙanena ya mutu, wannan ki rubuta shi. Amma ba zan taka ba sai wani mahaluki ɗaya a duniyar nan ya dube ni ya ba ni amsa. In za ki ce in yi haƙuri, ki bar takardar, Abdulsalami ya naɗe maɓallai da ita.

Mai Diga, Karaye.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba Mai Diga.

Allah ya jiƙan ɗanka, ya jiƙan Rekiya, ya haskaka kabarinsu. Amsa ka nema, ga ta ba kwana-kwana. Abin da aka yi maka a ƙofar zaure ba daidai ba ne. A iya sanina babu inda addini ya hana uba haƙa kabarin ɗansa. Al'ada ce, ta tausayi, an yi ta don mutumin da gwiwarsa ta sage. Kai kuwa ba irin wannan mutumin ba ne. Kai da hannu kake magana, ranar nan kuma aka rufe maka baki a gaban jama'a. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, amma ka tambaye shi hukunci kai tsaye, ka ce ba nasiha ka zo nema ba. Fushinka yana da tushe, kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Sai dai ka nemi gaskiya, to ga sauranta. Shitu ya yi kuskure, amma ban ga mugunta a ciki ba. Ɗan yaya ɗa ne, shi ma ɗansa ne aka kawo a bayan mota. Ya ga yayansa da ko ƙwalla bai yi ba ya saɓa diga, ya ji tsoron kada ka faɗi a cikin ramin, sai ya yi abin da ya ga manya suna yi. Mutumin da ya wanke diga ya jingine ta ya tafi ba sallama, ina jin ya san ya yi ɓarna, bakin faɗa ne ba shi da shi. Gidanku ɗaya, tarbiyyarku ɗaya. Kai ma shekara tara ka gaya wa liman da likita da tela, shi kaɗai ne ba ka gaya wa ba. Kuma ranar jana'izar Rekiya ka rama. Ka san ka rama, shi ya sa ka faɗa mini. Sanyin da ka ji a ranar bai kai ka gida ba, da ya kai da ba ka je tasha sau biyu ba.

Yanzu jikinka. Adawiyya ba ta yi ƙarya ba, wurin faɗa ne ta kuskure, don ba a koya wa uba irin wannan a gaban surukansa. Baƙin cikin da aka hana shi hanya yana komawa kafaɗa da muƙamuƙi da ƙirji. Kai ma ka gano haka tun kafin a tura ta horo, ramin ƙarshen gonarka shi ne shaida. Ba hauka ba ne, ba kuma abin kunya ba. Jikinka ne yake neman ya ƙarasa aikin da aka katse masa. Ka ci gaba, kada ma ka jira shekara. In surutun Ɗanmaliki ya dame ka, ka riƙa dasa mangwaro ko darbejiya a ramin, ka ga bakinsa ya mutu.

Ƙarar da ta fito maka a gindin ɗorawa kuka ne. Ya daɗe a tsare, shi ya sa ya fito da wannan murya. Ba zai kashe ka ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa. Amma kada ka tsunduma gaba ɗaya. Ka zauna ka jingina bayanka da bishiyar, tafin ƙafa a ƙasa, ka ja iska ta hanci, ka sake ta a hankali, sakin ya fi jan tsawo. Sau uku ya isa a farko. In abin ya taso ya fi ƙarfinka, buɗe ido, dubi gonarka, damƙi ƙasa a hannu, ka bari ya lafa. Gobe ka ƙara. In ƙirga numfashi ya yi maka kama da wasan yara, ka haɗa shi da tasbihi, kowane saki da salati guda. Da safe ka gasa kafaɗar da tsumma da ruwan ɗumi, a murza maka man kaɗanya har wuya da gefen kunne. In ka ji haƙora sun cije, buɗe baki ka yi hamma da gangan.

Sannan wata rana, a can gonar inda ba kowa, ka yi masa addu'a da sunansa, a bayyane, kunnenka ya ji. Kunyar ɗan fari ta gaban mutane ce, kuma ka cika ta shekara talatin da huɗu. Ba ta shiga tsakaninka da Ubangijinka.

Kada ka bar ƙwayar hawan jini, duk abin da na faɗa ƙari ne a kanta. In kuma ka ji ƙirji ya matse tare da gumi, ko ciwon ya sauka hannun hagu ko haɓa, ko ka ji jiri, to wannan na asibiti ne a take, ba na gindin bishiya ba. Ka aika a kira Adawiyya ta auna jininka kafin tafiya. Ba sai ka ba ta haƙuri da baki ba, in ka miƙa mata hannu za ta gane. Ka tuna ita ma yayanta ta rasa, kuma a duk gidan ita ce ta dubi kafaɗarka ta san ba tsufa ba ne.

Maganar Shitu ita ce ta gaggawa. Dattijon da ya yi sati uku yana kurɓar kunu sau biyu yana cikin haɗari na gaske, ba ya jiran ku gama shari'a. Ka tambaya me za ka ce masa. Kada ka ce komai. Ya ji ya haƙuri ta ishe shi. Kada ka tsuguna a gabansa kamar mai gaisuwa, ka zauna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ku fuskanci waje ɗaya. Ka yi numfashinka a hankali inda zai ji, jiki yana koyi da jikin da ke kusa da shi. A kawo kunu a kwano ɗaya, ka fara sha, ka miƙa masa. Ka kwana biyu ko uku. Washegari ka ce ya raka ka ka ga gyaɗar, a matsayinka na babba, umarni ba roƙo ba. In ya kai bakin ƙofa kawai ya dawo, an samu. Jibi ku kai gona. Ka sa masa wani abu a hannu, ko jijjige gindi biyar ne, ko ɓarar gyaɗa a faranti. In ya yi kuka kada ka tsayar da shi, ka dafa bayansa ka bar hannun a wurin. In ya ambaci Rekiya ka bar shi ya yi ta ambato, kai ma ka faɗi alherin da ka san ta da shi. Kuma ka sa Lukumanu ya kai shi a duba shi cikin satin nan. In bayan wannan duka bai fara ci ba, ko ya fara zancen gara ya bi ta, kada a bar shi shi kaɗai, a koma wurin likita a faɗi haka ƙarara.

Ban ce ka yafe kafin ka tafi ba, ban kuma ce ka binne maganar ba. Kana da hakkin ka gaya masa abin da ya yi maka. Amma mutum sai yana da rai da ƙarfi yake iya amsa laifinsa. Ka fara tayar da shi. In ya ci ya ƙoshi, ƙafarsa ta taka gona, to a can, kuna aiki ba kwa kallon juna, ka faɗa masa duka, har da abin da kai ka yi ranar Rekiya. Amsar da kake nema shekara tara ba ta wurina, ba ta wurin liman. Mutum ɗaya ne yake da ita, kuma yana ramewa a zaure a Falgore.

In ƙirjinka ya ɗaure a tasha, kada ka sauko. Riƙe kujerar gabanka, saki numfashi a hankali, ka bar direba ya yi nasa aikin. Ba sai ka huce ba, Baba. Ka tafi da fushinka, motar za ta ɗauke ku ku biyu. Ka dai tafi gobe.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka tarar da shi da sauran ƙarfi, ya sassauta muku ku duka.

Malama Sadiƙa